Injin da Baba Bai Ji Kukansa Ba

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda in rubuta ta. Sau da yawa nakan fara in bari. Da farko dai ni ba mai ilimin rubutu ba ne, a firamare na tsaya, abin da hannuna ya sani sifana ce da baƙin mai. Sannan ina tsoron kada in faɗi abin da zai jawo wa wani matsala, domin a ƙasar mutane muke, kuma cikin waɗanda zan ambata akwai masu neman abincinsu a nan har yanzu. Shi ya sa ba zan kama sunan kowa ba, abin da ban tabbatar ba kuma zan ce ban tabbatar ba. To amma shekaru suna ta wucewa, ajiyar mutum tana hannuna, akwai kuma saƙon da ban isar ba. Idan na ci gaba da yin shiru, wata rana ni ma sai dai a ce na tafi, saƙon ya bi ni.

Ni bakanike ne na manyan injuna masu shan gas. A Funtuwa na koyi aiki, a garejin manyan motoci, daga can Allah ya kawo ni Riyad, wata warsha, wato garejin gyara, a unguwar Sulai. Mai warshar shi ne kafilina, wato Balaraben da iƙamata, katin izinin zamana a ƙasar, take ƙarƙashin sunansa. Ba mugun mutum ba ne, sai dai yana da taurin kai, in ya ce abu kaza sai bayan abu kaza, to ko sama za ta faɗo ba zai sake ba. Yana da gona kudu da gari, ta dabino da ciyawar dabbobi, kuma zuciyarsa ta fi karkata can fiye da warsha.

Wata rana cikin tsakiyar zafi ya shigo ya kira ni, ya miƙo mini wayarsa. Wasu Turawa ne a wata ƙasa suke gasa da taraktoci. Ana ɗaura wa tarakta wani dogon amalanke na ƙarfe da nauyi a bisansa. Tana ja, nauyin yana matsowa gaba a hankali, har goshin amalanken ya kafe a ƙasa ta kasa motsa shi. Wadda ta fi nisa ita ta ci. Ya ce shi da abokansa masu gonaki sun yi shawara za su yi irin wannan wasa a tsakaninsu idan sanyi ya shigo. Da yake wasu sun fi wasu ƙarfi, kada wani ya je ya ɗauko injin jirgin ruwa ya dasa wa tarakta, sai suka sa doka ɗaya: cikin inji kada ya wuce lita takwas. Za a buɗe a auna a gaban kowa, wanda ya wuce ko da cokali ne ba zai shiga fili ba.

Ashe har ya riga ya je tashlihi, inda ake sayar da kayan matattun motoci, ya sayo injin wata babbar mota mai silinda shida. Inji ne mai ƙwari, irin wanda ba ya tsoron wuta, amma cikinsa ya haura lita tara. Ya ce in mayar da shi takwas, kamar mai kai wa tela babbar riga ya ce a rage masa. Na gaya masa gaskiya, ni haɗa inji na iya, rage masa ciki kuwa aikin mai yankan ƙarfe ne. Mu biyun muka juya muka dubi ƙuryar warsha, inda Baba yake.

Baba dattijo ne daga wajen Maraɗi. A da yana aiki a wata makharata da ke kallon warsharmu, wurin da ake yanka ƙarfe ana gyara silinda. Mai wurin ya rasu, magada suka rufe, ma'aikata suka watse. Kafilina ya sayi injinan yankan, sai Baba ya biyo su, kamar yadda ɗan maraƙi ke bin saniya in an sayar da ita. Iƙamarsa ta mutu ba mai sabunta masa, tara tana ta hawa kanta. Don haka ba ya fita ko'ina. A ɗan ɗakin da ke bayan warsha yake kwana, a masallacin layinmu yake salla, abinci kuwa ni nake sayo mana. Fasfonsa da mataccen katinsa suna cikin wata 'yar jakar fata da yake ɗaurawa a ƙugu ta ƙarƙashin riga, ko wanka zai shiga da ita yake zuwa bakin ƙofa.

Ranar da muka fara gaisawa ya faɗa mini sunansa, sai na ji sunan mahaifina ne. Tun daga nan ban ƙara jin sunan a tsakaninmu ba. Na ce masa Baba, shi kuma ya ce mini ɗana, sauran ma'aikata 'yan Bangaladash da 'yan Yaman suka ji ina cewa Baba suka ɗauka sunansa ke nan. Ban taɓa tambayarsa sunan nasa mahaifin ba, ko sunan ƙauyensu. Yaro ba ya titsiye babba da irin wannan tambaya, balle mai sunan uba. Shi ma ba mai yawan zancen gida ba ne. Abin da yakan ce kawai, mu duka Katsinawa ne, Bature ne ya ja layi a tsakaninmu.

Kafilina ya yi masa bayani da Larabcin kasuwa, ni ina cike gurbin abin da bai gane ba. Baba ya zagaya injin, ya sa yatsa cikin silinda ɗaya ya shafa, ya ce zai yiwu. A nan ne kafilina ya yi alkawarin da komai ya rataya a kansa. Ya ce idan injin ya tsallake awo ya shiga fili, shi zai biya duk tarar da ke kan Baba, ya ɗauke kafalarsa zuwa sunansa, ya yi masa sabuwar iƙama. Baba ya yi godiya kawai. Amma da yamma muna shan shayi ya ce mini in aka yi masa katin, abin da zai fara yi shi ne ya je gida ya ga iyalinsa ta ƙofa, ya dawo ta ƙofa. Ya ce yana da jikoki da bai taɓa ɗauka ba. Wanda aka kama aka mayar kuwa, ƙofar nan ta rufe masa, kuma yakan isa gida da rigar jikinsa kaɗai.

Ni dai tun a ranar barci ya fara yi mini wuya. Haka Allah ya yi ni. Idan na ɗaure noti sai na dawo na sake taɓa shi, idan na kulle ƙofa sai na juyo daga bakin titi na girgiza kwaɗon. Yanzu ga shi an ɗora zaman mutum a kan awon da ni ban ma gane kansa sosai ba.

Baba ne ya fahimtar da ni. Ya ce in ɗauki kowace silinda kamar mudu. Abin da mudu ke ci ya danganta ga faɗin bakinsa da zurfinsa. Faɗin baki shi ne faɗin silinda, zurfi kuma shi ne nisan da fistin ke tafiya daga sama zuwa ƙasa. Mudu shida gare mu, in aka haɗa su kada su wuce takwas ɗin nan. Ko dai a rage zurfi, wato a taɓa karanshaf, ko a rage faɗi. Ya ce shi ba zai taɓa karanshaf ba, domin shi ne ƙashin bayan inji, kuma injin da za a ɗora wa irin wannan wahala ba a fara shi da rage masa ƙashin baya. Zai yanka sababbin silif masu kauri, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a ciki, ya cusa a cikin buloki, gangar jikin injin, bakin kowace silinda ya tsuke, bangonta kuma ya ƙara ƙwari. Sai a nemo ƙananan fistin da za su dace.

Neman fistin ɗin ni ya faɗa wa, tunda shi ba ya fita. Na yi ta sintiri tsakanin Sulai da tashlihi, in kawo ya auna ya girgiza kai, in mayar. Yana da wani ma'auni na ƙarfe da ya zo da shi tun daga gida, mai kama da ƙaramin baka, ana murɗa gindinsa a hankali har ya ce ƙas. A cikin akwatin katako yake ajiye shi, naɗe da tsumman flanel, ba ya ba kowa aro. Lissafinsa kuma da alli yake yi a jikin bango, yana ƙirga da Faransanci a ƙarƙashin numfashi. Da muka sami fistin da suka yi masa, sai ya ce to yanzu aiki ya fara.

Akwai ranar da ba na mantawa. Silif dole ya fi ramin da zai shiga kauri kaɗan, don ya kama ya zauna har abada. In ka buga da guduma ka fasa shi. Baba ya sa muka turo buloki waje tun da hantsi, muka ajiye shi a tsakiyar rana. Wanda ya san ranar Riyad ya san ba a bukatar wuta. Su kuma silif ɗin ya naɗe su a leda ya ce in kai baƙalar layinmu, in roƙi mai kanti ya sa mana a firizarsa. Mai baƙalar ɗan Indiya ne, ya leƙa ledar, ya dube ni, ya tambaye ni ko mu Afirka ƙarfe muke ci. Na ce masa sai an dafa. Ya kwantar da su tsakanin kajin Barazil da ƙanƙara yana ta dariya. Bayan azahar, lokacin da buloki ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ramukansa suka buɗe, su kuma silif sanyi ya tsuke su, sai in ɗauko ɗaya in rugo da gudu a cikin tawul. Baba ya karɓa ya saita, ya sake shi, ya zame ciki sumul kamar an zuba ruwa. Kafin ka ce wani abu zafi da sanyi sun daidaita, ya kafe. Haka na yi ta gudu tsakanin baƙala da warsha, mutanen layi suna tsaye a inuwa suna yi mini kirari. Ranar ce na ga Baba ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana.

Inda muka yi ta samun saɓani da shi kuwa wajen tazara ne. Ni so nake a tsuke silinda sosai, a bar fili mai yawa ƙasa da takwas, yadda ko ma'aunin masu awo yana da 'yar karkata za mu tsira. Shi kuma ya ce duk ɗigon da muka bari ƙarfi ne muka ba maƙwabta kyauta. Ya ce mudun da ya yi tozo ka cuci mutane, wanda bai cika ba ka cuci kanka. Abin da ya bari tsakaninmu da iyaka, in aka haɗa duka shidan, bai kai cikin ƙaramin kofin shayi ba. Na kasa natsuwa. Na sayo kwalbar awo irin ta asibiti, duk silindar da ya gama sai in sauke fistin ƙasa in zuba mai in gani da idona, in kwashe, in sake zubawa. Yana kallona ba ya hana ni. Sai dai ya ce da 'yan Yaman, ku dubi ɗana, wanga ko ruwan alwala sai ya auna shi. Wata rana kuma ya ce in na mutu mala'iku ba za su sha wahala da ni ba, zan iso da lissafina a hannu.

Yana da wata ɗabi'a. Duk injin da aka tayar a warsha, sai ya taso ya ɗora bakin sukundireba a jikinsa, ya manna kunnensa a ƙotar, ya rufe ido. Yakan ce kowane inji da muryarsa, kamar mutane. Wannan namu kuwa ya ce bai san yadda zai yi kuka ba, domin ƙirjinsa na babba ne, maƙogwaronsa na yaro. Ya ce bai taɓa jin irinsa ba, yana ɗokin ranar. Har yakan tsaya a gabansa tun yana ƙarfe zube a kan benci, ya ce da shi, kai dai mu ji bakinka.

Sanyi ya fara shigowa, ranar gasa ta matso. Silinda biyar sun gama, ta shida saura 'yar gogewa ta ƙarshe. Ranar wata Juma'a da safe wayarsa ta yi ƙara. 'Yar ƙaramar waya ce mai madannai, layin ma da sunan wani aka yanka. Na ga ya saurara, ya yi salati, ya zauna a kan galan. Wani ɗan garinsu ne ya rasu a unguwar Ud, inda mutanen Maraɗi da Damagaram da yawa suke haya. Tare suka taso, tare suka zo ƙasar nan, kuma ta hannunsa Baba yake aika wa gida abin da ya samu. Za a yi masa salla bayan la'asar.

Da na ga ya ɗauko farar rigarsa na gane zuwa zai yi. Na tuna masa cewa ranar Juma'a ce aka fi tsananta duba takardu a unguwar Batha da kewayenta, har da Ud, saboda taron baƙi. Na ce ya bari ni in je a madadinsa, in yi salla in yi gaisuwa da sunansa. Na ce saura kaɗan a yi masa kati, daga nan ko kullum yana so ya je kabarin. Na yi ta magana har na ji kunyar kaina. Ya bar ni na gama, yana ɗaura jakar fatarsa.

"Ɗana," in ji shi, "uwarsa ta ba ni tuwo da hannunta. In ni ne kwance, shi ba ya aiko wani."

Na ce to bari in raka shi. Ya ce a'a, in aka gan mu biyu an fi lura da mu, kuma kada a haɗa da ni a ce na ɓoye marar takarda. Ya kai bakin ƙofa ya juyo ya nuna benci.

"Kar ka taɓa ta shidan nan. In na komo mu gama ta tare."

Ma'auninsa yana kan benci, akwatin a buɗe, bai ko naɗe shi ba.

Magariba ta yi bai dawo ba. Na kira wayarsa tana shiga ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga. Washegari da sassafe na tafi Ud. Na sami gidan da aka yi rasuwar, mutane suna zaune a tabarma a wani ɗaki mai ƙanshin dafa-duka. Wani direba ɗan Damagaram ya ce ya gani da idonsa. An gama jana'iza, suna tafe a ƙasa za su nemi mota, sai suka yi kiciɓis da masu duba takardu. Matasa suka watse cikin lunguna. Baba bai gudu ba. Ya tsaya, ya zaro mataccen katinsa ya miƙa da hannu biyu. Direban ya ce ba wanda ya taɓa shi ko ya ɗaga masa murya, sun ma buɗe masa ƙofar mota saboda furfurarsa.

Na tambaye su cikakken sunansa. Suka dubi juna. Wasu sun san shi da mai makharata, wasu da sunan nan guda ɗaya da ni ma na sani. Wannan ya ce mutumin yamma da Maraɗi ne, wancan ya ce a'a, ta hanyar Tasawa ƙauyensu yake. Wanda ya san gidansu da iyalinsa da lambar da ake kira, in ji su, shi ne wanda aka binne jiya. Wayar mamacin kuwa a kulle take, an riga an haɗa ta da kayansa.

Na je wa kafilina da kuka. Na ga abin ya taɓa shi. Amma ya ce magana ɗaya ya yi: inji ya tsallake awo, shi kuma ya cika alkawari. Ya ce ai ba a kwashe mutane rana ɗaya, akwai lokaci. Ban san ko da mun je a ranar za a sami wani bambanci ba. Na sha tambayar masu sani, wasu su ce da an kama mutum an ɗauki hoton yatsunsa magana ta ƙare, wasu su ce akan dace. Ba zan ɗora wa kowa laifin da ban tabbatar ba.

Abin da ya rage mini shi ne in gama injin da wuri. Ga kuma ta shida da aka ce kar in taɓa. Na yi kwanaki ina zagaya ta. A ƙarshe na yi bisimilla na ɗauki ma'auninsa, karo na farko da hannuna ya taɓa shi. Na goga kaɗan na auna, na goga kaɗan na auna. In ta matse, fistin zai kama in inji ya yi zafi. In ta buɗe, zai yi ta hayaƙi ya rasa ƙarfi. Na san a lissafi 'yar gogewar nan ba za ta ƙara wa ciki abin kirki ba, alkaluman Baba suna nan a bango suna gaya mini haka, amma zuciyata ba ta san lissafi ba. Aikin da zai yi kafin shayi ya huce, ni sai da na yini a kansa.

Na haɗa sauran ni kaɗai, ringi da fistin da kan silinda da famfon gas, muka ɗora shi a kan tarakta. Ranar da za a tayar, duk mutanen layi suka taru, har mai baƙala ya bar kantinsa. Injin ya yi tari sau biyu, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama. Ban iya kwatanta murya ba. Tana da kauri daga ƙasa kamar ta babbar mota, amma tana da sauri, da wani siririn amo a samanta da ban taɓa ji a wani inji ba. Mutane suna ta tafi. Ni kuwa na ga sukundirebansa a rataye a inda yake rataye ta. Na ciro wayata na ɗauki kukan injin, ban san ma me ya sa na yi ba a lokacin.

Ranar gasa da sassafe muka isa gonar da aka shirya. Masu gonaki suna zaune a kan darduma cikin manyan rigunan sanyi, ana zuba musu gahawa. Wanda aka wakilta ya yi awo wani injiniya ne ɗan Sudan, mai natsuwa. Aka ce kowa ya buɗe kan injinsa, shi zai zaɓi silindar da ya ga dama. Da ya zo kanmu ya bi su da ido, ya ɗora yatsa a kan ta shida. Ya auna faɗi, ya sa na juya inji ya auna zurfi, ya danna wayarsa. Ya ɗago ya ce mun tsallake, muna ƙasa da takwas da kaɗan ƙwarai, ya tambayi wanda ya yanka silif ɗin. Na ce ba ya nan.

An hana tarakta ɗaya shiga a ranar, na ga yadda bakaniken ya koma gefe ya tsuguna. Tamu ta shiga bayan na mayar da kan silinda. Ta ja har gabanta ya ɗaga sama, ƙasa tana tashi a bayanta. Ba mu zo na ɗaya ba, wani ya ɗara mu da 'yar tazara. Kafilina bai damu ba, ya rungume ni a gaban mutane, ya ce gobe da safe in shirya.

Ya cika maganarsa. Da kansa ya tuƙa mu zuwa tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu. Muka jira layi ya zo kanmu. Jami'in da ke bayan gilashi matashi ne mai ladabi. Ya tambayi lambar iƙama, muka ce ba mu da ita. Lambar fasfo, babu. Ya ce to suna, na mutum da na uba da na kaka. Kafilina ya juyo ya dube ni, ya ce ai shi da "Baba" kawai ya san shi, ni ne ɗansa, in faɗa.

Tun da na yi wayo ban taɓa furta sunan mahaifina da bakina ba. Ko a makaranta in aka tambaya sai wani ya faɗa a madadina. A nan, gaban gilashi, na buɗe baki na faɗe shi. Jami'in ya buga, ya jira in ƙara. Na ce shi ke nan abin da na sani. Ya ce shekara nawa muna tare. Na sunkuyar da kai. Bai yi mini dariya ba. Ya juyo da allon kwamfutar ya nuna mini, masu wannan suna daga Nijar sun cika shi har ƙasa, ya gungura wasu suka biyo. Ya ƙara da cewa sau da yawa sunan da ake kiran mutum daban, wanda ke fasfo daban. Ya ce in mun samo lamba mu dawo.

A mota kafilina ya tambaye ni yadda za a yi mutum ya ci abinci kwano ɗaya da wani tsawon wannan lokaci bai san sunan ubansa ba. Su a wurinsu abin da ake fara tambaya ke nan. Na so in yi masa bayani, Larabcina bai kai ba. Ko da Hausa ma ban san yadda zan ce ba.

Na koma Ud ba sau ɗaya ba. Na bi magadan tsohon kafilinsa, suka ce takardun wurin sun daɗe da zubarwa. Daga baya aka ce an kwashi mutanen Nijar a jirgi, ban sani ba ko yana ciki. Duk wanda na ji zai je Maraɗi hutu sai na ba shi sallahu, su dawo su ce gari ne babba, masu yankan ƙarfe da yawa, wa za su ce suna nema.

Wasan taraktocin bai daɗe ba, masu gonaki suka gaji suka koma wani abin. Tamu tana can ƙarƙashin rumfa a gona. In aka aike ni gyaran famfon ruwa nakan tayar da ita ta ɗan yi kuka, don kada ta kwanta. Alkaluman alli suna bango, na hana a yi wa wurin fenti. Ma'aunin na naɗe shi a tsummansa, ina shafa masa mai kada ya yi tsatsa. Na canza waya sau biyu, kowane karo sai na tabbatar an kwashe mini kukan injin zuwa sabuwar kafin in saki tsohuwar.

To jama'a, ga roƙona, musamman mutanen Maraɗi da ƙauyukanta, da direbobi masu bin hanyar Jibiya. Dattijo ne dogo, siriri, baƙi, ba shi da yawan magana. Farcen babban yatsansa na hagu a tsage yake gida biyu, injin yanka ne ya taɓa shi. Ba ya sa sukari a shayi. In yana kusa da inji mai aiki zai nemi sukundireba ya sa a kunne. Ya yi shekaru a Sulai ta Riyad, an mayar da shi gida a farkon wani sanyi. Wanda ya san mai irin wannan kama, ko ya san iyalinsa, don Allah ya gaya wa duk wani Bahaushe da ke aikin warsha a Sulai cewa ana neman bakaniken Funtuwa mai auna mai da kwalba, maganar za ta iso ni. In yana raye, a ce masa ta shida ma ta tsallake awo, ma'auninsa yana nan ba abin da ya same shi, kuma ina da abin da nake so in sa masa a kunne. In kuwa Allah ya riga ya karɓi abinsa, a taimake ni da sunan ƙauyen da na 'ya'yansa, in san inda zan kai ajiyar.